Maki nawa zai isa? Yadda za ka auna damarka ta shiga babbar jami'a tun kafin ka sayi fom

Duk shekara da zarar sanyin Jos ya sauka, wajen Disamba zuwa Janairu, tambaya ɗaya ce ke bina duk inda na sa ƙafa. A wajen lesin ɗin da nake koyar da kemistiri da yamma a bayan Bauchi Road, a ƙofar masallaci, har a teburin mai shayi: "Malam, maki nawa zan ci a JAMB in samu medisin?" Yaro zai tsaya a gabanka ya ƙudundune cikin rigar sanyi, ido a kanka, yana jira ka faɗi lamba ɗaya, 250 ko 280, ya riƙe ya tafi. Ni kuma ba na iya ba shi, ba rowa ba ce, lambar ce babu. Makin da ya shigar da wani shi ne ya bar wani a waje, shekara ɗaya, kwas ɗaya, kuma ba sihiri a ciki, lissafi ne, lissafin da kai ma za ka iya zama ka yi da biro da takarda tun kafin kuɗin Baba ya tafi a fom. Shi nake so in nuna maka ƙanina, ke ma ƙanwata da ke nake.

Ka fara sanin irin taron da ka shiga. A 2024 JAMB ta saki sakamakon yara sama da miliyan 1 da dubu 800, a cikinsu kashi 76 cikin 100 ba su kai maki 200 ba. Waɗanda suka ci 250 zuwa sama su 77,070 ne, waɗanda suka taɓa 300 kuwa 8,401 kacal a duk faɗin Najeriya. Toh kaga idan ka ci 255 ka wuce kusan mutum 95 cikin kowane 100, ka yi ƙoƙari wallahi, kar wani ya raina maka. Amma ga inda gizo ke saƙar, waɗannan dubu saba'in da ɗoriya ɗin yawancinsu abu ɗaya suke bi, medisin, famasi, nosin, karatun lauya, kwamfuta, kuma a makarantu ɗaya, ABU Zariya, BUK, Jami'ar Jos, Ibadan, Legas, Ilorin da ire-irensu. Saboda haka idan ka cike medisin ba da miliyan biyun nan kake kokawa ba, da zakarun cikinsu kake yi, kowa a layin nan shi ne na ɗaya ko na biyu a ajinsu.

Sai maganar kat-of, wadda ita ce ta fi ruɗa iyayenmu. Kat-of ba ɗaya ba ne, uku ne. Akwai wanda ake sanarwa a rediyo bayan taron JAMB da shugabannin makarantu, 140 ne a 2024, aka mai da shi 150 a 2025 ga jami'o'i. Wannan ƙasan rijiya ne, ma'anarsa kawai kar wata jami'a ta ɗauki wanda bai kai haka ba. Akwai na jami'ar kanta, wanda sai ka kai shi za ta bari ma ka sayi fom ɗin sikirinin, wato tantancewar da ita jami'ar ke yi, misali Ibadan da Legas daga 200 suke farawa. Sannan akwai na uku, na sashen da ka nema, shi ne na gaskiyar, kuma babu wanda ya san shi kafin a gama tattara makin 'yan shekarar, domin jera ku ake yi daga sama zuwa ƙasa, inda kujeru suka ƙare nan aka ja layi. Na sha ganin uba ya zo da takarda a hannu ransa a ɓace, "Malam an ce kat-of 150 ne, yaron nan ya ci 230 kuma an hana shi, wannan ai zalunci ne." Sai in ce Alhaji zauna in maka bayani, 150 ɗin nan ƙofar waje ce ta gidan, ɗakin da yaronka ke son shiga kuma yana can ciki da nasa kwaɗon.

Me ya sa kujerun ba su da yawa? Jami'a ba ta da ikon ta ɗebi ko nawa take so. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC tana ƙayyade yawan ɗaliban da makaranta za ta iya ɗauka, sannan manyan kwasa-kwasan suna da masu tsaronsu daban, medisin hukumar likitoci ta MDCN ce ke ba kowace jami'a kota gwargwadon gadajen asibitinta da malamanta, lauya ma akwai kotar da majalisar kula da karatun lauya ke bayarwa, famasi da nosin duk haka. Makarantar da ta zarce kotarta ita ma hukunci take fuskanta. Shi ya sa ko shugaban jami'ar kawunka ne ba zai ƙirƙiro kujera daga sama ba.

Yanzu ka natsu nan, dan wannan shi ne zuciyar maganar. A jami'o'in tarayya kujerun nan kashi uku ake raba su. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, ko daga ina ka fito, makinka ne zai yi magana. Kashi 35 na 'yan yankin jami'ar ne, abin da ake cewa kacimen. Kashi 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda ke baya a ilimin boko, ELDS, su 23 ne, Filato na ciki, haka Bauci, Kano, Katsina, Jigawa, Gombe, Nasarawa, kusan duk Arewa dai, da wasu kaɗan daga Kudu irin su Ebonyi da Bayelsa. Mu ɗauka kwas yana da kujera 100 dan lissafi ya yi sauƙi. 45 sun tafi ga gwanayen ƙasa baki ɗaya. 35 za a raba tsakanin jihohin yankin, ba jiha ɗaya ce za ta cinye ba. 20 kuma jihohi 23 ne ke kallonsu, kaga ko ɗai-ɗai ba za su zagaya ba. Yaranmu da yawa suna jin kalmar ELDS sai su miƙe ƙafa, wai ai mu 'yan Arewa ana mana sauƙi. Ana saukar da layin kaɗan, gaskiya ne, amma a cikin jiharku ma sai ka zama na gaba-gaba a cikin waɗanda suka nemi wannan kwas ɗin a wannan makarantar. Idan kai ɗan Kano ne ka nemi medisin a BUK, ka tuna yaran Kano nawa ne suka nemi abin da ka nema. Wani sa'in ɗan jihar da ba ta cika turo yara wannan makarantar ba ya fi ka dama da maki ƙasa da naka, kuma ba cuta aka yi ba, layinsu ne gajere.

A nan dole in taɓo abin da ya shafe mu mu 'yan Jos kai tsaye. Kacimen da ELDS ba da inda aka haife ka ko inda kake zaune ake yinsu ba, da jihar asali da ka rubuta a fom ake yi, kuma ranar rajista a makaranta za a ce kawo takardar shaidar ƙaramar hukuma. Mu da yawa an haife mu a Gangare ko Anguwan Rogo ko Rikkos, iyayenmu ma nan aka haife su, amma kowa ya san maganar takardar nan ba ta zuwa wa kowa da sauƙi. Shawarata ɗaya ce kuma ba na canza ta, ka rubuta jihar da kake da takardarta ta gaskiya a hannu, ko wadda ka tabbata za ka samu ta hanyar halal, kuma ta dace da abin da ke kan NIN ɗinka. Ku zauna da Baba ku yanke wannan tun kana SS2. Kar a je kafe mai kafe ya tambaya "wace jiha zan sa?" ka tsaya kana sosa ƙeya ka faɗi wadda ta zo bakinka. Na san yaron da ya samu kwas mai kyau, ya je rajista da jakarsa da katifarsa, aka ga fom na cewa wata jiha takarda na cewa wata, makonni ya yi yana safa da marwa tsakanin ofisoshi, abokansa har sun fara lacca. Kuma da zarar ka san jihar da ke kan takardarka, sai ka bincika wace jami'a ce ke lissafa ta a yankinta, dan wani lokaci makarantar da ke bayan gidanku ba ita ce ta fi ba ka dama ba.

Toh mun gama da kujeru, sai makin da za a jera ku da shi. Yawancin manyan jami'o'i ba da makin JAMB tsurarsa suke jeri ba, haɗawa suke yi. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a raba makin JAMB gida 8, ya koma bisa 50, sauran 50 ɗin kuma ya fito daga Post-UTME, wato jarrabawar da jami'ar ke yi da kanta bayan JAMB, ko daga sakamakon WAEC da NECO ko duka biyun. Ibadan rabi da rabi take yi tsakanin JAMB da jarrabawarta. Legas tana ba JAMB 50, jarrabawarta 30, sakamakon sakandare 20. Wasu makarantun ba sa zaunar da kai jarrabawa sam, sikirinin kawai suke yi ta intanet su auna darajar kiredit ɗinka, kuma tsarin yakan canza daga shekara zuwa shekara, dan haka ka karanta sanarwar shekararka da idonka. Bari in nuna maka da lamba. A tsarin rabi da rabi, wani ya ci 296 a JAMB, a raba da 8 ya ba da 37, ya je Post-UTME da girman kai bai yi karatu ba ya ci 52 cikin 100, rabinsa 26, jimla 63. Wata ta ci 264, ya ba da 33, ta zauna ta yi wata biyu tana haƙa ta ci 70, rabinsa 35, jimla 68. Ita ke gaba da maki biyar cif, alhali ya fi ta da 32 a JAMB. Ka lura da kyau, maki 8 na JAMB shi ne maki 1 a jimla, amma maki 2 kacal na Post-UTME ke ba da wannan 1 ɗin. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga yaro ya ci 280 ya rufe littafi ya koma kallon ƙwallo har ranar sikirinin.

Haka kuma inda ake auna sakamakon sakandare, C6 da A1 duk sunansu kiredit amma ba nauyinsu ɗaya ba, nesa ba kusa ba. Yaran SS3 suna da wata magana, "in dai na haɗa kiredit biyar shikenan." Shikenan ɗin nan na kwas ɗin da ba a rububinsa ne. Idan medisin kake so, Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji ake nema, makarantu da yawa kuma a zama ɗaya suke son su, wato ba za ka haɗa WAEC da NECO ka cike giɓi ba. Wanda ke da B2 da B3 jere ya riga ya tsere wa mai C5 da C6 tun kafin a buɗe makin JAMB. Dan haka WAEC ɗin Mayu da Yuni da NECO da ke biye mata ba abin tsallakewa kawai ba ne, suna cikin lissafin.

Sai kuskuren da ya fi ba ni tausayi, domin ba ya da alaƙa da ƙoƙari ko rashinsa, wato haɗin darussa. JAMB darasi huɗu ce, Turanci dole, sauran ukun kwas ɗinka ne ke zaɓar maka su. Medisin fiziks, kemistiri, bayoloji. Injiniya lissafi, fiziks, kemistiri. Lauya kusan ko'ina sai da adabin Turanci, litireca, kuma yaranmu na ajin at da yawa suna gudunta a SS1 sai a SS3 su farga. Akwai wata ɗalibata 'yar wajen Yan Shanu, yarinya mai kai, ta ba wani mai kafe kuɗi da sunan kwas ta koma gida dan Mama ba ta jin daɗi, shi kuma ya sa mata lissafi a madadin fiziks. Ba ta duba silif ɗin ba sai da lokacin gyara ya wuce. Ta ci 271. Ranar da ta zo lesin ta gaya min, takardar na hannunta ta nannaɗe ta kamar tsinke, ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi "Malam yanzu shekarar ta tafi kenan?" Na rasa abin da zan ce mata. Dan Allah ka buɗe IBASS, kundin JAMB ne da ke intanet kyauta, ka zaɓi makaranta ka zaɓi kwas zai nuna maka darussan da ake so da sharuɗɗan da wannan makarantar ta ƙara na kanta. Ranar rajista kuma a cibiyar CBT da JAMB ta amince da ita za ka yi, ka zauna kusa da mai shigar da bayanan, ka karanta allon harafi bayan harafi kafin ka ɗora yatsa.

Shekaru ma ka duba, 16 ne mafi ƙaranci. An yi ta ja-in-ja a 2024 lokacin da aka ce 18, daga baya aka dawo da shi 16. Wanda bai kai ba sai ya ci 320 zuwa sama sannan ma a fara duba shi a matsayin na musamman.

Toh yaya za ka auna kanka tun yanzu, kafin jarrabawa? Ga yadda nake sa yarana su yi. Ka samo fas-kwescin, wato tambayoyin JAMB na baya, na shekara guda cikakke wanda ba ka taɓa buɗewa ba, ka rufe ɗaki, ka ba ƙaninka waya ya riƙe maka lokaci, awa biyu daidai, tambaya 180, Turanci 60 sauran ukun 40-40, wato daƙiƙa 40 kowace tambaya. Ba leƙen amsa, ba tashi shan ruwa. Ka yi haka sau uku a ranaku daban-daban, ka ɗauki matsakaicin, sannan ka ɗan rage wani abu saboda fargabar ranar da layin tantance yatsa da sanyin safiya. Abin da ya rage shi ne kai a yau, ba wanda kake fatan zama ba. Idan akwai hali ka yi jarrabawar gwaji ta JAMB, mok, musamman idan ba ka saba da kwamfuta ba, yara da yawa sun san amsa amma hannunsu na rawa a kan linzami. Ka koyi amfani da maɓallan, A B C D na amsa, N na gaba, P na baya, sun fi sauri. Kar kuma ka bar tambaya ba amsa, ba a rage maka maki dan ka canka ba daidai ba.

Bayan nan sai ka nemi layin da aka ja bara da bara waccan a kwas ɗin da makarantar da kake so. Wasu jami'o'in suna wallafa shi a fili har da na cancanta da na kowace jiha, wasu ba sa yi. Inda ba a wallafa ba, kar ka dogara da shafukan da ke zuba lambobi barkatai dan a danna musu. Ka hau keke ka je harabar Jami'ar Jos ta Naraguta ko ta Bauchi Road, ko Lamingo wajen asibitin koyarwa, ka nemi 'yan aji ɗaya da aji biyu na wannan sashen, yayyenku ne na unguwa, ka tambayi mutum biyar ko shida, nawa ka ci a JAMB, me ka samu a WAEC, wace jiha ce a takardarka, a jerin farko sunanka ya fito ko na baya. Tambayar jihar nan kar ka manta da ita, in ba haka ba za ka auna kanka da mudun wani. Idan ka jera amsoshinsu za ka ga hoton da kanka. In makinka na gwaji ya zarce nasu, bismillah cike. In kuna kai ɗaya, dama ce ta rabi da rabi, ka cike amma ka shirya hanya ta biyu tun yau. In kuwa tazarar ta kai maki 40 ko 50 kuma saura wata biyu jarrabawa, ƙanina ka gaya wa kanka gaskiya, ko ka canza makaranta ko ka canza kwas ko ka yarda cewa shekara biyu za ka ba abin.

Zaɓi na farko shi ne zaɓi. Manyan makarantun nan waɗanda suka sa su a farko ma sun yi musu yawa, ba su da lokacin waiwayar wanda ya sa su a na biyu. Dan haka sa ABU a farko da Jami'ar Jos a na biyu duka medisin ba dabara ba ce, harsashi ɗaya ne ka harba. Kuma mu daina raina sababbin makarantu da sauran na kusa da mu. Akwai jami'ar tarayya ta kimiyyar lafiya a Azare, akwai ATBU a Bauci nan kusa, akwai na tarayya da aka buɗe a 2011 irin su Lafiya, Dutse, Kashere da Wukari, akwai jami'ar jihar Filato a Bokkos. Abin da za ka tabbatar kawai shi ne kwas ɗin yana da amincewar NUC da ta hukumar sana'ar. Likitan da ya fito daga sabuwar makaranta mai amincewa da wanda ya fito daga Ibadan da aka kafa tun 1948 lasisi ɗaya MDCN ke ba su. A fannin lafiyar ma ba medisin kaɗai ba ne, akwai kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, akwai hoton ƙashi da na ciki, akwai gashin ƙashi, akwai likitan haƙori, akwai likitan dabbobi, mu da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke bayan gidanmu bai kamata a ba mu labarin darajar wannan ba. Sai dai ka sani nosin yanzu ta zama wuta, kar ka ɗauke ta a matsayin mafaka mai sauƙi.

Wata magana da ake yaudarar yara da ita: "karɓi bayoloji ko kemistiri kawai, in ka shiga aji biyu sai ka koma medisin." Yana faruwa ga ɗaiɗaiku masu maki na fitar hankali a wasu makarantun, wasu makarantun kuma sun rufe ƙofar gaba ɗaya saboda kotar da na faɗa maka. Idan za ka karɓi kwas, ka karɓe shi a kan cewa shi za ka gama. In ba za ka iya zama da shi shekara huɗu ba, kar ka danna.

Dannawar nan a CAPS ake yinta, tsarin bayar da admishan ta intanet da JAMB ta kawo a 2017, kuma duk admishan ɗin da bai bi ta nan ba ba admishan ba ne, ko da an ba ka takarda mai tambari, ranar tafiya bautar ƙasa za ka gane. Da zarar WAEC ko NECO ta fito, je cibiyar CBT a ɗora maka sakamakon a shafinka na JAMB, ka buɗe da kanka ka ga ya hau. Ɗora shi a shafin jami'a daban, ɗora shi a na JAMB daban, yara masu maki mai kyau suna rasa kujera a kan wannan ɗan abin kawai, dan makaranta ba za ta iya tura sunan wanda sakamakonsa bai bayyana ba. Daga nan ka riƙa leƙawa akai-akai, wani lokaci makaranta za ta ce ba ka kai layin kwas ɗinka ba amma ga wani, sai ka amince ko ka ƙi, kuma tayin ba ya jira har abada. Idan sakamakon JAMB ya fito ka ga bai kai ba, akwai damar canza makaranta ko kwas da ɗan kuɗi kaɗan, ka yi da wuri kafin makarantar da kake son komawa ta rufe sikirinin ɗinta, ka kuma tabbata darussan da ka rubuta sun dace da sabon kwas ɗin.

Duk wanda ya ce kawo kuɗi zai ƙara maka maki, ko yana da mutum a ciki, ɓarawo ne, ko da a sahun gaba yake sallah. Iyaye mata su suka fi faɗawa, Hajiya za ta sayar da ɗan kunnenta a ɓoye saboda tausayin ɗa. Kar ka bari Mama ta yi haka a kanka. Lambar sirrinka ta JAMB ma kar ka ba kowa, akwai waɗanda aka karɓar musu kwas ɗin da ba su so ba saboda sun bar ta a kafe, kuma in an riga an karɓa, magana ta ƙare a wannan shekarar.

In shekarar ta kuɓuce fa? Makin JAMB na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi. Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka sake zama, wannan karon ka san inda ka yi rauni, mafi yawan yaranmu Turanci ne ke ja musu ƙafa, za ka ga 70 a bayoloji 68 a kemistiri sai 45 a Turanci, toh nan za ka zuba ƙarfinka, karatun dogon rubutu da sauri da littafin da JAMB ta ba ku na shekarar, ba maimaita abin da ka riga ka iya ba. Ko kuma ka bi ta IJMB da ABU ke kula da ita, ko JUPEB, dukkansu karatun share fage ne, ka yi kusan shekara guda ka nemi shiga aji biyu kai tsaye da fom ɗin DE. Hanya ce mai kyau amma ba gajeriya ba ce, kujerun DE a medisin da lauya sun fi na JAMB ƙaranci, sai mai maki na ƙoli, kuma ka tabbata jami'ar da kake so tana karɓar wanda za ka yi, cibiyar ma ta gaske ce, dan na bogi sun yi yawa. Masu hali sukan haɗa biyun, suna IJMB suna kuma sake JAMB, duk wadda ta faɗo a ɗauka. Yarinyar nan ta Yan Shanu sake zama ta yi, wannan karon da kanta ta je cibiyar, ta sa mai rajistar ya juyo mata da allon ta karanta darussan huɗu da ƙarfi kafin ta ɗora yatsa.

Abu na ƙarshe ƙarami ne amma yana kayar da mutane, layin waya. Lambar da za ka tura NIN ɗinka da ita zuwa 55019 ko 66019 ka karɓi lambar furofayil, ita ce za ta bi ka har ƙarshe, da ita za ka duba sakamako, ta nan saƙonni za su riƙa zuwa. Ka yi da layinka na kanka, ba na mai kafe ba, ba na abokinka ba, ba kuma layin da wani yayanka ya taɓa yin JAMB da shi ba. Ka duba sunanka da ranar haihuwarka a NIN su zama iri ɗaya da na WAEC, in akwai bambanci ko na harafi ɗaya ne je ka gyara tun Nuwamba ko Disamba, kafin a buɗe sayar da fom layi ya cika.